ƘWAYAR IRI DA ƘWAYAR JIKI

Ba manomin kirki da zai cinye hatsinsa duka. Tun ran da aka ɗaure dammuna ya kan zaɓi zangarkun da suka fi cika, ya rataye su dabam, ya ce waɗannan iri ne, kada kowa ya taɓa. Sauran hatsin a ci har ya ƙare, amma wanda aka ware ɗin nan shi zai kai gonar baɗi. To, masana halitta sun gano cewa jikin mutum da na dabba haka ya ke yi, tun yana tayi cikin mahaifa. Yau muna so mu bayyana wa masu karatu, musamman malaman makaranta waɗanda yara ke tsarewa da tambaya, yadda a ke wannan warewa, da abin da ke sarrafa ta, da kuma inda bincike ya kai. Maganar ta shafi kowa, gama a cikinta a ke neman dalilin rashin haihuwa, abin da ya raba aure da yawa.

LITTAFI ƊAYA, KARATU DABAM

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi mai ƙara girman abu. A jikin babban mutum yawansu ya kai miliyan sau miliyan har sau 30, kuma sun kasu fiye da kashi 200: akwai ta fata, da ta hanta, da ta tsoka, da ta ƙwaƙwalwa. Dukansu kuwa daga ƙwaya ɗaya tak suka fito, watau ƙwan mace wanda maniyyi ya shiga.

A cikin kusan kowane irin ƙwaya akwai wani ɗan ƙwallo, kamar na dabino. Cikin ƙwallon nan a ke ajiye abin da za mu kira littafin gado. An rubuta shi da wani siririn zare mai suna DNA, an ɗaure shi kundi 46, kundi 23 daga uwa, 23 daga uba. Shafukansa kamar 20,000 ne, kowane shafi yana ɗauke da umarni guda, shi ne Turawa ke kira jin.

Mai karatu zai ce, in dai littafin ɗaya ne, ina dalilin da ƙwayar hanta ta bambanta da ta ido? Duk wanda ya yi aikin ofis zai gane amsar. A ce an raba wa kowane ofis littafin dokokin aiki iri ɗaya. Akawun kuɗi zai buɗe sashen kuɗi, ya bar sauran a rufe. Malamin asibiti kuwa sashen magani zai buɗe. Haka ƙwayoyi ke yi: kowace tana karanta shafukan da suka shafi aikinta, sauran a rufe su, har a buga musu wani hatimi na sinadari don kada su buɗe. Waɗansu shafukan kuma ba su da wani aiki sai ƙera mabuɗan da ke buɗe waɗansu shafuka ko su kulle su. Waɗannan mabuɗai su ne tushen labarinmu.

A kwanakin farko ba a buga hatimin sana'a ba tukuna. Kwana biyar bayan shigar ciki, tayin mutum ɗan dunƙule ne da bai kai ƙwayar gero ba. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi kaɗan waɗanda kowace za ta iya zama kowane sashe na jiki. Su a ke kira ƙwayoyin tushe masu iya zama kome. Wannan hali ba ya daɗewa. Cikin 'yan kwanaki kowace ta kama sana'arta, ta zauna a kai.

KATANGAR WEISMANN

Wanda ya fara jan hankalin duniya ga wannan warewa shi ne August Weismann, malami a Jami'ar Firaibug ta Jamus. A zamaninsa masana da yawa sun ɗauka abin da ya sami jikin uba a rayuwarsa zai iya bin ɗa. Weismann ya yanke wutsiyar ɓeraye, ya bar su suka haihu, ya yanke ta 'ya'yansu, haka har zuriya biyar. Aka haifi ɓeraye 901, kowanne da wutsiyarsa cikakkiya. A littafinsa na 1892 ya ce ƙwayoyi kashi biyu ne. Ƙwayoyin jiki su yi aiki, su tsufa, su mutu tare da mai su. Ƙwayoyin iri kuwa, watau waɗanda ke zama ƙwai da maniyyi, su kaɗai ke ƙetarewa zuwa zuriya ta gaba, kuma akwai katanga tsakanin kashin nan biyu. Kowa ya san ɗan mai tsage ba ya zuwa duniya da tsagen ubansa, sai wanzami ya yi masa nasa.

A nan Weismann ya yi daidai. Amma ya zaci kuma kowace ƙwayar jiki ta kan zubad da shafukan da ba ta bukata, ƙwayar iri kaɗai ke riƙe da littafin cikakke. Za mu ga yadda wani kwaɗo ya rushe wannan zato bayan shekara 70.

YADDA A KE WARE IRI

Halittu suna da hanya biyu ta ware ƙwayoyin iri. Ta farko ita ce ta gado daga uwa. Akwai wani ɗan ƙuda mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, wanda masana suka daɗe suna bincike da shi. Uwar ƙudan nan ta kan tara wani abu na musamman a ƙarshen ƙwanta na baya, duk ƙwayar da ta sami rabon abin nan ta zama iri. A 1974 Illmensee da Mahowald suka zuƙo shi da allura, suka zuba a gaban wani ƙwai, wajen da kai zai fito. Sai ga ƙwayoyin iri sun tsiro a can. A 1992 Anne Ephrussi da Ruth Lehmann suka nuna shafi ɗaya mai suna oskar shi ke tara kayan: inda aka kai saƙonsa, nan iri zai fito.

Hanya ta biyu, wadda ɓera da mutum ke bi, ita ce ta kira daga maƙwabta. Ɓera kan yi kamar kwana 20 da ciki. A kwana na shida waɗansu ƙwayoyi na gefen tayi su kan saki wani sinadari mai suna BMP4. Ƙwayoyin da ke kusa su ji kiran, kamar 40 daga cikinsu su zama iri kafin kwana na takwas. Ba a haife su da wannan matsayi ba, wurin zamansu ne ya ba su. An gwada a 1996, aka ɗauko ƙwayoyi daga wani gefe mai nisa aka dasa su a wurin, suka zama iri. A 1999 kuma aka nuna tayin da ba shi da BMP4 ba ya samun ƙwayar iri ko ɗaya.

To, mene ne kiran nan ke yi a cikin ƙwaya? Amsar ta fito a 2005 daga ɗakin binciken Azim Surani, haifaffen Kisumu ta Kenya, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila, tare da Mitinori Saitou na Japan. Sun gano wani mabuɗi mai suna Blimp1. Babban aikinsa kullewa ne. Sa'ad da maƙwabta ke buɗe shafukan zama tsoka da jini, Blimp1 ya kan hana 'yan ƙwayoyin nan buɗe su. In an cire shi, ƙwayoyin su kan taru wuri ɗaya, su kasa tafiya, su shiga karanta shafukan jiki kamar kowa. A 2008 aka gano abokin aikinsa, Prdm14. Sa'an nan a 2015 mutanen Surani suka nuna cewa a jikin mutum wani mabuɗi dabam ne, SOX17, ke fara ba da umarni. Wannan ya koya wa masana kada su ɗauka duk abin da suka gani ga ɓera haka ya ke ga mutum.

TAFIYA DA WANKE ALLO

Abin mamaki, ƙwayoyin iri ba a gidansu a ke haifarsu ba. Su kan fito can gefe, tun ba a gina maraina ko gidan ƙwai ba, sa'an nan su bi bangon hanji suna rarrafe har su isa. A ɓera su kan isa wajen kwana na goma sha ɗaya, suna tafe suna ninkuwa, har 40 ɗin nan su zama kamar 25,000 a kwana na goma sha uku. A mutum su kan isa wajen mako na shida.

Abin da ke raya su a hanya shafuka biyu ne, Kit da Steel: ɗaya ya ƙera saƙo a bakin hanya, ɗaya ya ƙera kunnen da ke jin saƙon. Tun da daɗewa masu kiwon ɓerayen bincike sun lura da waɗansu masu farin gashi, masu ƙarancin jini, waɗanda kuma ba su haihuwa. Sai a 1988 da 1990 aka gane ɗaya daga cikin shafukan nan biyu ne ya lalace, kuma ƙwayoyin launi da na jini da na iri duk da shi suka dogara.

A cikin tafiyar nan ne a ke yin aikin da ya fi kowane muhimmanci. Ƙwayar iri ta kan goge kusan dukan hatiman da ke littafinta, kamar yadda ɗalibi ke wanke allonsa kafin a rubuta masa sabon karatu. Har da waɗansu hatimai na musamman da ke nuna wannan shafi daga uba ya zo, wancan daga uwa, waɗanda Surani da Davor Solter suka gano, kowa a nasa wuri, a 1984. Bayan an goge sai a buga sababbi: na uwa in ƙwai za a yi, na uba in maniyyi ne.

Gidan da ƙwayar ta sauka shi ke faɗa mata abin da za ta zama. A 1990 aka gano shafin SRY a kundin da a ke kira Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, shi ke sa a gina maraina. Tun da ya ke ƙwan mace kullum kundin X ya ke ɗauke da shi, maniyyin uba ne, mai X ko mai Y, ke sa a sami 'ya mace ko ɗa namiji. Saboda haka mai ganin laifin matarsa don tana haifar 'ya'ya mata ya ɗora laifi inda babu.

Kafin ƙwayar iri ta zama ƙwai ko maniyyi sai ta raba kundinta 46 zuwa 23. Ga mace wannan aiki tun tana ciki ya ke farawa. Tayi mace mai wata biyar tana da ƙwayoyin ƙwai miliyan 6 zuwa 7. Ran haihuwa saura miliyan 1 zuwa 2, ran balaga kamar 300,000, waɗanda za su nuna su fito a dukan rayuwarta kuwa ba su fi 400 zuwa 500 ba. Ga namiji sai ya balaga a ke farawa, amma marainansa na riƙe da ƙwayoyin tushe masu sabunta maniyyi har tsufa.

DANGANTAKAR IRI DA TUSHE

Ko da ya ke ƙwayar iri sana'a ɗaya gare ta, mabuɗan ƙwayoyin tushe masu iya zama kome ba su mutu a cikinta ba. Babba daga cikinsu shi ne Oct4. A 1998 aka nuna tayin ɓeran da ba shi da Oct4 ba ya samun ƙwayoyin tushe sam. In kuwa aka cire shi daga ƙwayoyin iri, sai su mutu. Wani kuma shi ne Nanog, wanda aka gano a 2003 a Edinbara da Japan, aka sa masa sunan ƙasar rashin tsufa ta tatsuniyoyin mutanen Ailan.

Wannan ƙarfi da ke kwance yana da haɗari. A 1954 Leroy Stevens na Amurka ya lura da wata zuriyar ɓeraye masu fitar da ƙari a maraina. Da aka tsaga ƙarin sai ga gashi da guringuntsi da tsoka a cakuɗe. Ya bi sawu har ya tabbatar daga ƙwayoyin iri ne da suka saki hanya, suka shiga gina jiki ba tsari. Binciken ƙarin nan ne ya share hanya, har a 1981 Martin Evans da Matthew Kaufman a Kambirij, da Gail Martin a Amurka, suka iya ɗauko ƙwayoyin tushe daga tayin ɓera, suka raya su cikin faranti. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wiskonsin ya yi haka da na mutum. Nan gardama ta tashi, gama samun ƙwayoyin sai an rushe tayi mai 'yan kwanaki, mutane da yawa kuwa ba su yarda da haka ba.

MAI DA TSOHUWA YARINYA

Yanzu sai mu koma ga kwaɗon da muka ambata. John Gurdon, sa'ad da ya ke yaro a makarantar Iton, shi ya zo na ƙarshe cikin yara 250 a ilmin halitta, har malaminsa ya rubuta cewa burinsa na zama masani abin dariya ne. Malamai, sai a yi hattara da abin da a ke rubutawa a rahoton yara. A 1962, a Okusfod, Gurdon ya ɗauki ƙwallon ƙwayar hanjin talibambam, ya sa cikin ƙwan kwaɗo wanda aka kashe nasa ƙwallon. Cikin gwaji 726, guda 10 suka zama talibambam masu iyo da cin abinci. Ashe ƙwayar hanji ba ta zubad da ko shafi ɗaya ba, rufewa kawai ta yi, kuma akwai wani abu cikin ƙwai mai iya ɓalle hatiman. A 1996, a cibiyar Roslin ta Sikotlan, aka haifi tunkiya Doli daga ƙwayar hantsar wata tunkiya mai shekara 6, ita kaɗai cikin gwaji 277.

Saura a san ko mene ne abin nan. Shinya Yamanaka da ɗalibinsa Kazutoshi Takahashi na Jami'ar Kiyoto suka zaɓi shafuka 24 da su ke zargi, suka cusa su duka cikin ƙwayar ɓera ta jiki, ta koma kamar ta tushe. Sa'an nan suka riƙa cire ɗai-ɗai suna duba wanda in babu shi aikin zai tsaya. A 2006 suka ba da sanarwa huɗu sun isa: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Ƙwayoyin da aka juyo haka a ke kira iPS. A 2007 Yamanaka da Thomson, kowa dabam, suka yi da ƙwayar mutum, ba tare da an taɓa tayi ba. A 2012 aka ba Gurdon da Yamanaka lambar yabo ta Nobel tare.

ƘWAI DAGA WUTSIYA

Da aka san mabuɗan komawa baya, aka kuma san kiran da ke ware iri, sai aka haɗa biyun. A 2011 Katsuhiko Hayashi da Saitou, a Kiyoto, suka ba ƙwayoyin tushe BMP4 cikin faranti, suka zama ƙwayoyin iri na farko. Aka dasa su a marainan ɓeran da ba ya haihuwa, suka zama maniyyi, aka sami 'ya'ya lafiyayyu. A 2012 suka yi haka da ƙwai. A 2016 Hayashi ya kammala dukan tafiyar ƙwai cikin faranti, tun daga ƙwayar wutsiyar ɓera. A 2023 ya wuce nan: daga ƙwayar ɓera namiji ya zaɓi waɗanda suka yar da kundin Y, ya sa X ya ninku, ya yi ƙwai, aka haɗa da maniyyin wani namiji, aka sa a mahaifar ɓera mace. Cikin tayi 630, guda 7 aka haifa. Katangar Weismann dai tana nan cikin jiki, amma an ƙetare ta a ɗakin bincike.

Masu kula da namun daji sun sa rai ga wannan. Farar karkanda ta arewa, tun da namiji na ƙarshe ya mutu a Kenya a 2018, saura mata biyu, uwa da 'ya. A 2022 aka yi ƙwayoyin iri na farko daga ƙwayar fatar wata karkanda irinsu da aka adana.

ABIN DA YA KAMATA MU RIƘE

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum ɗaya cikin shida na gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. A wurinmu mace a ka fara tuhuma, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali dalilin ya kan kasance ga namiji sau da yawa. Tun 1976 masana biyu a Italiya suka ga waɗansu maza marasa ƙwayar maniyyi sun rasa wani yanki na kundin Y. A 1995 aka gano shafin DAZ a yankin nan. Kamar ɗaya cikin goma na mazan da ba su da ƙwayar maniyyi ko kaɗan, irin wannan giɓi ne dalili. Mutum na iya zama ƙaƙƙarfa, lafiyayye, bai san yana da shi ba. Don haka in haihuwa ta yi jinkiri, miji da mata su je asibiti tare, a auna kowa.

Kada kuma a ɗauka magani ya iso. Har shekarar 2024 ba wanda ya yi cikakken ƙwai ko maniyyin mutum daga ƙwayar iPS, matakin farko kawai aka kai. Nasara 7 cikin 630 abin karɓa ce ga ɓera, amma ba wanda zai yarda a yi wa ɗan mutum irin wannan caca. Cikin ɓerayen farko da aka samu daga iPS a 2007, kamar ɗaya cikin biyar ya fitad da ƙari, saboda c-Myc na da hannu a ciwon daji. Gwaji na farko ga mutum, a Kobe ta Japan a 2014, ɗan ƙyallen ƙwayoyin ido aka dasa wa wata tsohuwa. Ganinta bai ƙaru ba, amma ya daina raguwa, ƙari kuma bai fito ba. Haka masu gaskiya ke tafiya, sannu sannu. Ko cikin masana an sami maƙaryata: wanda ya yi shelar samun ƙwayoyin tushe daga kwafin tayin mutum a Koriya ta Kudu a 2004 da 2005, jami'arsa ta tabbatar a 2006 ƙage ne. Duk wanda ya zo muku da kwalba ko allura, ya ce ƙwayoyin tushe ne masu warkad da kowace cuta, ku riƙe kuɗinku, ku tambayi likita.

Akwai kuma tambayoyin da madubin bincike ba zai amsa ba. In wata rana aka iya yin ƙwai daga fatar mutum, da izinin wa za a yi? Yaya za a lissafta nasaba da gado? Kuskure a ƙwayar jiki ga mutum ɗaya ya ke tsayawa, amma kuskure a ƙwayar iri zai bi 'ya'ya da jikoki. Waɗannan magana ce ta masu yin doka da malamai da iyaye, kuma ba za su iya yanke ta daidai ba sai sun fahimci yadda abin ya ke. Muna roƙon malaman makaranta su karanta wa manyan ɗalibansu wannan bayani, su bar su su yi tambaya.